Gumin Farantin Sanyi

Litinin, 13 ga Mayu, 2024
Zuwa ga Malama Jannatu, shugabar ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu a Haɗeja, da dattawan kwamiti, gaisuwa tare da ladabi. Ko da yake ba za ku karanta wannan ba, wajibi ne a fara da magabata. Ni, Abdulmannan Zarami, manomin shinkafa, wanda ya kama alƙalami bara da furfurarsa, yau aka ɗora mini kula da kwamfutar aji. Amana ce babba. Ciwon kwamfutar guda: in rana ta take, sai ta ɗauke. Ranar bikin yaye mu kuwa, kowa zai buga sunansa a kanta gaban baƙi.

Alhamis, 23 ga Mayu
Na gudanar da bincike. Modu mai gyara a kasuwa ya ce ƙwaƙwalwarta ce ke ɗaukar zafi. A teburinsa na ga wani ɗan farin faranti, bai kai tafin hannu ba, wanda ya ciro daga tsohon injin sanyaya ruwa. In an ba shi wuta, fuska ɗaya ƙanƙara, ɗaya garwashi. Na taɓa da kaina. Ikon Allah! Na umarce shi ya ɗora shi kan ƙwaƙwalwar. Ya ce, "Baba Zarami, mu fara share fankar cikinta tukuna. Abin nan cin wuta gare shi, kuma gumi yake yi." Na ce ai gumin nake nema. Duk wanda ya taɓa zaɓen randa ya san mai gumi ita ce mai sanyi.

Asabar, 8 ga Yuni
An ɗora. Ta wuni ba ta ɗauke ba. Na yi wa aji bayani a tsaye.

Laraba, 26 ga Yuni
Batirin sola da ke ba ajin wuta ya ƙare tun la'asar, ajin mata ya tashi da wuri. Bayan akwatin kwamfutar zafi kamar tanda. Na yi ta nazari a hanyar gona. Ashe zafin bai tafi ko'ina ba, gefe aka tura shi, kamar mai kwarfe ruwan gonarsa zuwa ta maƙwabci. Ban ga dalilin sanar da kwamiti ba tukuna.

Juma'a, 19 ga Yuli
Kogi ya kawo, iska ta yi nauyi da danshi. Na leƙa cikin akwatin, na ga gumi tsaf-tsaf a jikin farantin. Na nuna wa Iya 'Yar'azumi, wadda ta girmi kowa a aji, don ta ƙaru. Sai ta ce, "Malam Zarami, ita randa a kan yashi ake girke ta. Shi wannan me ke shanye nasa?" Ba fanninta ba ne.

Talata, 6 ga Agusta
Kwamfutar ta ƙi tashi. Biki ran Asabar.

Laraba, 7 ga Agusta
Modu ya buɗe ta. Ruwa ya ɗiga har kan allon cikinta, wani wuri ya yi kore. Fankar kuwa cunkushe da ƙaiƙayi daga injin casa na bayan aji, kamar sheƙar tsuntsu. Na jira ya yi gori. Cewa kawai ya yi, "Baba, mu shanya, mu yi addu'a." Iya ta tare ni a ƙofa. Ta riga ta aika jikokinta su zo daga Guri, ga hanya duk ruwa. "Ni dai sunana, ko sau ɗaya, su gani da idonsu." Tuwo bai shiga ba yau.

Asabar, 10 ga Agusta
Kwamfutar ta tashi, alhamdulillahi, ba faranti, fanka ce kawai da aka share. Lasifikarta dai ta mutu. Iya ta buga sunanta da yatsa ɗaya, ta tsaya neman ɗan waƙafin sama na farkon 'Yar'azumi, jikoki suna ta tafi. Jawabin da na tanada ban karanta ba, lokaci ya ƙure, haka na ce.

Hukuncina, bayan nazari: farantin bai dace da kwamfuta ba, musamman a ƙasa mai danshi irin tamu. Da yamma na roƙi Modu ya koya mini sharar fanka. Roƙo na ce, kuma haka na rubuta.

An yi wannan a gaban Malama Jannatu, da Modu mai gyara, da Usman mai injin casa, da Iya 'Yar'azumi.