Jirgin Feshin da Babu Shi

Nguru

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya zafi, yaya kuma hawan jinin? Mu nan lafiya, sai rana da take dafa mutum tun hantsi. Na ba direba wannan takarda ne saboda ka kashe wayarka, wai kada ƙararta ta kori gauraka.

Da ka yi ritaya ka sayi kyamara mai dogon hanci, ban ce komai ba. Da ka tare a ƙauyen su Madu mai masaukinka, bayan Gashuwa, kana kwanciya cikin taɓo don ɗaukar hoton malam-buɗe-littafi yana tsotsar laima, nan ma na yi shiru. Amma jiya Fanna, matar Madu, ta kawo busasshen kifi kasuwa, ta biyo gida ta durƙusa tana yi mini godiya. Wai mijina aka turo ya gano inda tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa ke kwana, don jirgin sama ya zo ya yi musu feshi. Kullum da yamma suna ganinka bakin fadama kana ɗaukar garken tsuntsayen, kuma haka masu feshi suka yi wata shekara. Har sun kwance igiyoyin gwangwani da suke kaɗawa a gonakin shinkafa don korar tsuntsaye, masu tsaro sun tafi kamun kifi, tunda jirgi yana hanya.

Malam, babu jirgi. Ka faɗa musu yau.

Matarka,
Sa'adiya

Nguru

Malam,

Ina gaisuwa, da fatan kana shan maganinka. Amsarka ta iso tare da hotuna. Sun yi kyau, kuma ba su dame ni ba.

Ka ce ka faɗa wa Madu, ya yi murmushi ya ce ya gane, aikin gwamnati ba a tona shi. Sai ka ƙyale, wai ba ka son kunyata mutumin da ya ba ka ɗaki da tuwo. Duk shekarun da ka yi a aji, yaushe ɗalibi ya ce ya gane ka yarda ba ka sake tambayarsa ba?

Na karance littafin tsuntsayen da ka bari a gida, na ga abin da garken jan-baki ke yi wa gona kafin rana ta take. Fanna ta ce shinkafarsu ta fitar da kai. Ina tsoron ranar da za su gaji da duban sama su juyo su dube ka. Ina kuma tsoron abin da gidan Fanna zai ci da damina. Gobe ina tafe.

Matarka, ko da ranta a ɓace,
Sa'adiya

Gashuwa

Huseina 'yata,

Ina gaishe ki da maigidanki da yara, da fatan zafin Kano da sauƙi.

Na je ƙauyen. Na tsaya gaban Bulama, wato mai garin, na ce mijina tsohon malamin makaranta ne, bai san kowa mai jirgi ba, tsuntsu kawai yake so. Babu wanda ya zage mu. Da sun zage mu, da ya fi mini sauƙi. Madu ya miƙe ya tafi neman igiya. Gonarsa ta bakin fadama ta riga ta tafi, jan-baki sun cinye, sai kara a tsaye. Ta gaba ce ta rage.

Babanki ya miƙa mini kyamarar, ya hau rumfar tsaro a gonar da ta rage, yana jan igiya yana ihu tun asuba. Ya rantse ba zai bar ƙauyen ba sai an yanke shinkafar. Jiya jiri ya kwashe shi. Na yi faɗa har muryata ta dushe, Madu ma ya roƙe shi ya sauka, ya ƙi.

Ki aiko da maganinsa da malfa mai faɗi. Kada ki ce in dawo da shi, na gwada. Abin da na samu kawai, ya yarda in karɓe shi daga azahar zuwa la'asar ya zauna a inuwa. Ki yi haƙuri da munin rubutun, igiyar ta saɓule mini tafin hannu.

Ki sa mu a addu'a.

Mahaifiyarki,
Sa'adiya