Ƙanena Zai Gina Makewayin da Mata Ba Za Su Shiga Ba

Malam, don Allah ka taimake ni, ni da ƙanena yau kwana tara ke nan ba mu ci daga kwano ɗaya ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya.

Tuwo nake sayarwa a wani kurmin giginya da ke bakin kogin Kwara, kusa da Bagudo. Shekarar samun mulkin kai aka share shi, aka sa bencina, ya zama wurin shan iska. Ran kasuwa ba ka samun wurin zama: fataken Dahome, mutanen Kende, 'yan makaranta masu zuwa kallon dorina. Salga ɗaya ce tal a wurin, ita ma ta rufta da daminar da ta wuce. Kwamitin da ke kula da kurmin ya ba ƙanena Na'Allah aikin gina sabuwa. Magini ne, kuma wannan ne babban aikinsa na farko. Ni na goya shi bayan rasuwar innarmu, har buɗa na rangaɗa ran da aka ba shi aikin.

Amma da ya nuna mini takardar zanen da aka ba shi, sai murna ta koma ciki. Gini ɗaya, ƙofa biyu manne da juna, duka suna kallon inuwar da maza ke zama. Kamar tsohuwar dai, kuma a gurbinta. Malam, shekara biyu ina zaune a wurin nan, ban ga mace biyar sun shiga waccan ba. Wa za ta ɗauki buta ta ratsa gaban surukinta? Cikin ciyawa muke shiga. Can maciji ya sari Mairama mai fura, da tsohon ciki. Allah ya yi da sauran kwananta, amma cikin ya zube. Maza sun ce ƙaddara. Ban musa ba, amma na san abin da ya kai ta ciyawa.

Na gaya wa Na'Allah, ya ce shi ba ya taɓa takardar da ta fito daga ofis. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganu gaban leburorinsa. Bayan Juma'a za su fara haƙa. Na ƙudura zan je gaban kwamiti da kaina, ko da za a ce tsohuwa ta yi rashin kunya. Tsorona kada a karɓe aikin daga hannunsa. Yaya zan yi?

Mai Tuwo a Bakin Kwara

AMSA

Baiwar Allah, gaskiya tana wajenki, kuma kada ki fasa. Makewayin da rabin jama'a ba za su shiga ba, ɓarnar siminti ne. Amma ki duba ta ƙanenki. Mutumin da aka ba aikin fari yana tsoron a ce ya cika iyayi, ke kuma kin tsinka shi gaban waɗanda yake ba umurni. Wannan kuskurenki ne. Ki fara da gyara shi tun yau, ki kai masa tuwo da hannunki.

Sannan ki roƙe shi ya zauna rumfarki ran kasuwa, ya ga da idonsa inda mata ke nufa da butocinsu. Ki sa Mairama ta yi masa bayani da bakinta, in za ta iya. Daga nan ku nemi duba-gari, ma'aikacin tsabta, domin gyaran irin wannan zane aikinsa ne, kuma kwamiti zai saurare shi.

Abin da za ku nema ba mai yawa ba ne. Na mata ya zama daban, da hanyarsa daban, da katanga ko zana mai tare ƙofar. A bar gurbin tsohuwar. Ku dubi jikin itatuwa inda ambaliya ke barin alama, a hau tudun da ya wuce nan, nesa da rijiya. Mai tsugunawa ya fuskanci kudu ko arewa saboda alƙibla. A girke randar ruwa, a share ciyawar kewaye, a kuma ɗora wa wani alhakin shara.

Idan Na'Allah ne ya kai wannan gyara gaban kwamiti, daraja zai ƙara. Idan kuwa ya ƙi har Alhamis, ki gaya masa a fili cewa za ki je, ki ɗauki dattijai mata biyu, ku tafi. Zane za ki soka, ba maginin ba, kuma ki faɗi haka gabansu. Fushinsa zai huce. Allah ya ba Mairama lafiya, ya shirya tsakaninku, ya sa a gama aikin kafin ruwa ya sauka.