Layin da Ke Sunan Baba

Ƙanƙara,
8 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Yayata Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Sabuwa. Ya ƙafar taki? Ni da ɗiyata Nana muna nan ƙalau, lafiyar jiki dai.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali kina da lambata. Yaya, kar ki kira ni, kuma kar ki turo mani saƙon muryar nan naki mai tsawon huɗuba. Abin da za ki ce ki rubuta, ko da rubutun nan naki mai kama da tonon kaji, zan gane.

Abin da kika ji gaskiya ne, an kama Baba. Ranar Alhamis da hantsi jami'an tsaro suka same shi a gonarshi ta bayan Yankara yana karyar masara. Suka tambaye shi ko shi ne Malam Rabo, ya ce shi ne, har ya miƙa masu buta su sha ruwa. Suka karɓi wayar da ke aljihunshi, suka taso shi gaba zuwa gida. A cikin rumbu suka zaro bindigar tokar nan ta Kaka, wadda muke leƙe muna yara ana korar mu. Kin san ta. Kunamarta ta yi tsatsa tun kafin Inna ta rasu, ko ɓera ba za ta kashe ba. Amma sun ce doka ba ta san tsatsa ba, ko ta gargajiya ce sai da lasisi.

Kawu Gide ya bi su. Kwana biyu yana zaune bakin ƙofar ofishinsu kafin wani ya saurare shi. Abin da aka gaya mashi shi ne maganar ta wuce ta bindiga, wai an ga sunan Baba cikin harkar harsasai. Baba fa, mutumin da ko lambar wayarshi bai haddace ba.

Garin kuwa ya ɗauka. Waɗanda suka ci tuwo a zaurenshi shekara da shekaru yanzu suna raɗa cewa infoma ne, shi ke kai wa 'yan bindiga labari. Mutumin da 'yan bindigar suka kashe wa suruki. Wallahi da na ji sai da na bar aji na zauna bayan makaranta ina kuka, ɗalibai suna leƙo ni ta taga.

Akwai maganar da ke cina, amma hannuna ya ƙi rubuta ta yau. Ki yi mani addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hamida.


Ƙanƙara,
17 ga Oktoba, 2024.

Yaya Mairo,

Ina gaishe ki da fatan kin tashi lafiya, da yara. Takardarki ta iso. Kin tambayi me Baba ya sani da intanet. Bai san kome ba. Ni ce, Yaya. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Kin tuna ranar da aka kawo gawar mijina Abdulgafar daga hanyar Faskari. Wanda ya ɗauko shi ya tsinci kwanson harsashi a gefen babur ɗin, ya haɗa da hularshi da takalminshi ya ba ni. Ban gaya wa kowa ba. Na ƙulle kwanson a bakin zane, na shiga takaba da shi a gidan Baba.

Wata huɗu da kwana goma ba fita. Ke kin yi sati biyu kin koma. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Wayata tana aljihun Abdulgafar ranar, 'yan bindigar sun tafi da ita. Baba ya ga ina wuni ina kallon bango, sai ranar kasuwa ya sayo mani waya ta hannu. Mai takaba ba ta zuwa wurin rajistar layi, don haka shi ya je da katinshi, aka ɗauki hotonshi, ya dangwala yatsa. Ya dawo yana murna ya ajiye mani ita a kan tabarma, ya ce in riƙa jin karatu.

Na ji karatun kwana biyu. Daga nan na kwance bakin zanen. A gindin kwanson akwai wasu lambobi ƙanana. Kin san ni da naci. Na shiga tambayar wayar: wace bindiga ce ke cin irin wannan, wace ƙasa ke ƙera shi, ta ina yake shigowa, nawa ake sayar da ɗaya. So nake in san nawa aka kashe aka raba ni da mijina. Har na tambayi hukuncin wanda aka kama da bindiga ba lasisi, don ina so in ji shekara nawa za a ba wanda ya harbe shi in Allah ya sa an kama shi. Ba mai amsa mani a gidan, ita kuwa wayar ba ta gajiya, ba ta cewa in yi haƙuri.

A wani zaure na intanet na sa hoton kwanson. Wani ya ce in yi mashi magana ta gefe, ya san kan abin. Na tura mashi saƙo uku, na tambayi inda ake samu da kuɗinshi. Da ya tambayi guda nawa nake so, sai na goge saƙonnin, na ɗauka shi ke nan. Ashe mutumin dillalin harsasai ne, an daɗe ana bin layinshi. Da suka kama shi suka ga lambar a wayarshi, suka nemi mai layin, sunan Baba ya fito da hotonshi.

Da na gama takaba na dawo aiki Ƙanƙara, na yi sabon layi da sunana, na bar wa Baba waccan wayar da layinta don in riƙa jin muryarshi. Koren maɓalli kawai na koya mashi. Ban san waya tana ajiye duk abin da ka tambaye ta ba, da rana da lokaci. Kawu ya gani da idonshi: shafi goma sha ɗaya suka buga. Maganar da ban iya faɗa maki ba, ga ta a kan teburin wani ƙato yana ja mata layi da jan biro.

Kin san abin da na samu bayan duk wannan? Lambobin na masana'anta ne da shekarar da aka ƙera shi. Harsashin da ya kashe Abdulgafar ya girme ni. Iyakar abin da na gano ke nan.

Abin da ya fi ƙona mani rai, Baba ya amsa. Da suka karanta mashi tambayoyin, in ji Kawu, sai ya ce shi ne ya yi su. Suka ce ai bai iya rubutu ba, ya ce baƙi yake roƙo a kasuwa su latsa mashi, bai san sunansu ba. Ya dangwala yatsa a bayanin. Ya gane ni ce tun a layin farko, don ranakun duk na takabata ne.

Ki gaya mani abin da zan yi, amma kar ki ce in yi shiru.

Taki,
Hamida.


Ƙanƙara,
24 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga mahaifina, Malam Rabo,

Baba, ina durƙusawa ina gaishe ka. Ya jiki, ya tarin nan? Suna barin ka sha maganin da Kawu ya kai? Nana tana gaishe ka. Ta fara haɗa magana, duk tsohon da ta gani da farin gemu sai ta bi shi. Yaya Mairo ma tana gaisuwa. Masara an shigo da ita, maƙwabcinka na gabas ya kama mana, shi kaɗai bai juya baya ba.

Baba, duk takardar da aka taɓa kawo maka ni ke karanta maka, ta asibiti, ta taki, ta ɗaurin aure. Ka ce don haka ka kai ni makaranta, lokacin da ake yi maka dariya a majalisa. Wannan ce ta farko da wani zai karanta maka, kuma na san ko wane ne. To, ranka ya daɗe mai karantawa, da kai ma nake, ka karanta da ƙarfi kar ka tsallake kome.

Ni Hamida, ɗiyar wannan tsohon, malama a makarantar firamare, ni na rubuta duk tambayoyin da ke shafi goma sha ɗayan nan. Ni na tura wa mutumin nan saƙo. Ina cikin takabar mijina da aka harbe, ina neman sanin abin da ya kashe shi. Ban sayi kome ba, ban yi niyyar saye ba. Layin yana sunan mahaifina ne saboda addini ya hana ni fita. Ku duba ranakun, ku tambayi duk Yankara yaushe na shiga takaba yaushe na fita. Ku miƙa mashi wayar ku ce ya buɗe maku wurin da ake tambaya, ku ga ko zai iya. Kwanson yana hannuna, ranar Litinin zan kawo shi da kaina.

Baba, na san abin da kake tunani. Kana cewa Nana ta rasa uba, kar ta rasa uwa. Yaya ma haka ta rubuto. Amma ban taɓa jin ka yi ƙarya ba, ko a cinikin akuya. Ba zan iya zama sanadin ƙaryarka ta farko ba, kana da shekara saba'in. Ina ƙaunarka, kuma ina jin kunyarka. Ka yafe mani, ka bar ni in ɗauki kayana.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya fito da kai.

Ɗiyarka mai biyayya,
Hamida.


Ƙanƙara,
2 ga Nuwamba, 2024.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Na ji ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Ki yi haƙuri da jinkirin takarda, sai yau na iya riƙe biro.

Na je, duk da kin hana. Na bar Nana wurin maƙwabciyata da kayanta a ƙulle, na gaya mata in ban dawo ba a kai maki ita. Ni da Kawu muka isa ofishin da safe, ba a shigar da mu ba sai bayan azahar.

Jami'in da ke riƙe da maganar ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi mashi yawa. Takardata tana gabanshi, ya ce ya karanta wa Baba har sau biyu. Na ajiye kwanson a teburin. Ya sa aka fito da Baba.

Ya rame, Yaya. Rigar da aka kama shi da ita ce a jikinshi, ba hula. Rabona da ganin kanshi ba hula tun ina ƙarama. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙuwa a mota. Jami'in ya tambaye shi ko wannan ce ɗiyar. Baba ya ce ni ce, amma tun da aka kashe mijina kaina ya taɓu. Ya ce ban taɓa shiga aji ba, ko sunana ban iya rubutawa, wani na samu ya rubuta mani takardar. Har ya rantse. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya.

Na fizgo shafin farko na tambayoyin da suka buga na hau karantawa da ƙarfi, har da Turancin. Na zaro katin aikina na ajiye. Jami'in ya ƙyale ni na kai ƙarshen shafi, sannan ya sa aka mai da Baba ciki. Ya ce ya san ni ce, tun kafin in zo ya sani. Amma layi na Baba ne, waya a aljihunshi aka same ta, ya amsa da bakinshi, takardu sun riga sun tafi kotu. Ko an cire maganar waya, bindigar rumbu tana nan, ita kaɗai ta isa a riƙe shi. Ya ce in na dage zai rubuta bayanina ya tsare ni, amma in sani ba musanya ake yi ba, mu biyu za mu zauna. Ya turo mani kwanson da bayan biro, ya ce in yi tunani.

Na tsaya. Wallahi na tsaya, na buɗe baki in ce ya rubuta. Sai na tuno ƙullin kayan Nana a bakin ƙofar maƙwabciya. Na ɗauki kwanson na fito da ƙafata. Ba wanda ya kore ni, ki san wannan, don kar gobe ki ce na yi iya ƙoƙarina.

Ranar Alhamis aka kai shi kotu, alƙali ya hana beli, an wuce da shi gidan gyaran hali sai wata mai zuwa. Lauyan da Kawu ya samo ya ce zai yi ƙoƙari a kan maganar harsasai, amma ta bindigar kar mu sa rai da yawa. Na tambaye shi shekara nawa, sai na tuna na riga na sani, yana cikin shafi na huɗu.

Kafin a sa shi a mota Baba ya ba Kawu saƙo. Ya ce dawa ta isa yanka, kar a bari tsuntsaye su gama da ita. Ya ce in koma aji ranar Litinin, kar in yi fashi. Kuma ya ce kar in ƙara rubuto mashi takarda, don mai karanta mashi tana Ƙanƙara.

Zan je Yankara yankan dawar ranar Asabar mai zuwa. In ƙafarki za ta iya, ki zo, ba na son shiga gidan ni kaɗai. Ki gaida maigidanki, ki shafa mani kan yara.

Ƙanwarki,
Hamida.