Muryar Mama a Faifan Ciki

Litinin, 3 ga Maris
Kwamfutar Baba ta tashi fayau, kamar yau aka sayo ta. Babu hotuna, babu muryar Mama da muka ɗauka kafin rasuwarta. Kuma nan kaɗai muka ajiye ta. Auta ce ta kunna ta da filashin ƙawarta, ɗan abin ajiyar fayil ɗin nan, a jiki, wai ta ga tambayoyi ta yi ta dannawa. Na wanke ta tas. Ta koma gidanta tana kuka, ko kallonta ban yi ba.

Talata, 4 ga Maris
Shagon mai gyara, zafi da ƙaurin waya. Ya ce, "Anti, kwamfuta in ta farka ba ta san komai ba. Akwai ɗan tsari a cikinta, Bayos, mai jerin wuraren da zai nemi abin tashi. Na farkon da ya amsa, shi ke nan, ba ya waiwayar saura." Filashin kuwa irin na ɗora wa kwamfuta sabon tsari ne, shi ya share faifan ciki, inda komai yake ajiye.

Ya buɗe min jerin. Filashi a sama, faifai a ƙasa. "Ba haka aka saba barin ta ba, wani ya juya."

Ni ce. Bara, da nake wani gyare-gyaren iyayi. Ƙiwa ta hana ni mayarwa. Na bar masa kwamfutar na fito.

Alhamis, 6 ga Maris
Mai gyara ya tono hotuna bakwai, uku rabi-rabi. Murya babu. Wai sabon ya hau kan tsohon.

Asabar, 8 ga Maris
Baba da safe: "A kunna min tsohuwar nan in ji faɗanta." Na ce kwamfuta na wurin gyara. Ya yi dariya, wai uwarku dama ba ta zaman gida. Na shige kicin. Raina a jagule, na tsani kaina.

Lahadi, 9 ga Maris
Na gwada tuno yadda take kiran sunana. Muryata nake ji.

Laraba, 12 ga Maris
Na mayar da faifai saman jerin. Aikin minti ɗaya, wanda ba ya dawo da komai.

Auta ta turo saƙo na huɗu: "Yaya, ki yafe min." Na kira ta, don dai Baba yana ta tambayarta. Na ce ta zo gobe mu faɗa masa. Ta ce ita za ta fara magana, tunda laifinta ne. Na ce a'a, ni zan fara.