Keken da Inna Ta Aiko

Gwarzo,
Ranar Lahadi.

'Yata Badi'a,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma ɗakinki lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya angona Zayyad? Ki gaida maigidanki da surukarki Hajiya Uwaliya da duk mutanen gidan.

Takarda na rubuto saboda wayarki ba taki ba ce ke kaɗai. Duk sanda na kira, daga "to" sai "haka ne" nake ji, sai in gane Hajiya na zaune a bakin gadonki. Lawal direba zai ba ki wannan hannu da hannu, tare da kwali.

Keken jarirai ne a kwalin. Kin ji abin da likita ya faɗa da muka koma: ɗinkin tiyatar ya taɓa yin ruwa, bai gama kamawa ba, ban da goyo, ban da ɗaukar nauyi, sai ranar da ya ce. Yana faɗa kina kallon ƙasa, na gan ki. Shi namiji ne, bai san inda ƙullin majanyi ke sauka ba. Ni na sani. Daidai inda aka yanka ki yake sauka, kuma yaron nan ba ƙarami aka haifa ba.

Kano na shiga musamman. Mai shagon ya so ya liƙa mini wani ruwan hoda mai fitilu da kiɗa, tayoyinsa kamar murfin kwalba. Na ce, Malam, a Kabo za a tura shi, ba a falon gwamna ba. Na zaɓi mai manyan tayoyin roba da ba za su nutse a yashi ba, mai birki a ƙafa, wanda bayansa ke kwantawa sosai tunda wuyan yaron bai tsaya ba. Na girgiza shi, na naɗe, na buɗe, na taka birkin na tura da ƙarfina, har mutumin ya ce ko Hajiya injiniya ce? Na ce malamar makaranta ce, mun fi su bincike.

Ki ji yadda ake riƙe shi. Ko nan da ƙofa za ki, ki ɗaura masa bel ɗin. Kin tsaya, ki taka birki. Kada ki rataya jaka a mariƙin, zai kifa ta baya. Kada ki lulluɓe shi da mayafi da sunan kare rana, zafi ne zai taru a ciki ya dafa yaro. Rumfarsa da ragar sauro sun isa. In kin dawo ki duba tayoyin, ki cire ƙaya da zare, ki ɗiga musu man keken ɗinki in sun fara kuka. Yadin ana cirewa a wanke, a shanya a inuwa. Kuma kada a bar shi a tsakar gida, kaji za su mai da shi akurki, yaran gidan su mai da shi mota.

Ki ci abinci. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana shi.

Innarki,
Halima Sa'adiya.

*

Kabo,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya ɗalibai? Saƙo ya iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Zayyad ana sa shi a ciki ya yi barci kamar an biya shi.

Inna, zan faɗa miki wani abu, amma don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki tashi tsaye.

Ranar Talata na tura shi zuwa rigakafi. A bakin lungunmu Baba Hajaratu mai ƙosai ta tare ni. Ta leƙa ta gan shi kwance an ɗaure shi da bel, ta ce, "Wayyo 'yar nan, jinjiri a keke? Wa ya yi masa wannan?" Ni na ɗauka keken take tambaya wa ya saya. Na ce, "Inna ce."

Sai ta saki matsamin, ta dafe ƙirji, ta hau salati. Wallahi ban gane ba, na ma yi mata murmushi na wuce. A garin nan ba wanda ya taɓa ganin an tura mutum a keke sai gurgu. Ita ta ji cewa Inna ce ta sha shi.

Kafin la'asar gidanmu ya cika da 'yan jaje. Wata ta kawo rubutu, wata turare, wata ta ce akwai mai maganin shan inna a Garo, a yi maza kafin ƙafar ta bushe. Ina ta cewa Innata nake nufi, mahaifiyata, ta Gwarzo. Sai su ce, "Allah sarki, haka ake cewa, yi haƙuri." Wata ta ɗaga ƙafarsa ta saki, ya yi sa'a yana barci, ƙafar ta faɗi, ta dubi 'yar'uwarta.

Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai sa an kulle keken a ɗakin hatsi, ta ce sai magana ta lafa. Baban Zayyad yana Kano wurin aiki, a waya ya ce in yi haƙuri in bi Hajiya a hankali.

Kuma a hankalin nake bi. Jiya da ta shiga ɗibar masara na jiyo tana tura keken gaba da baya ita kaɗai. Da ta fito ta tambaye ni yadda ake naɗe shi. Na san halinta, in ba a matsa mata ba ita da kanta za ta fito da shi. Har yanzu ban yi goyo ba, ba ta kuma ce in yi ba.

Don Allah Inna kada ki yi komai. Ki bar mini wannan.

'Yarki,
Badi'a.

*

Gwarzo,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga Hajiya Uwaliya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya jikanmu? Allah ya sa kuna lafiya.

Hajiya, na ji an yi jaje a gidanki, ba a aiko mini ba. Ya kamata a aiko, tunda ni ake zargi. Ni ce Innar. Sunana Halima, ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, kuma ban taɓa shan ɗan kowa ba.

Shan inna ƙwayar cuta ce, ta baki take shiga, ba aljana ba ce da ke zaune a kan tsamiya. Maganinta shi ne ɗigon da Badi'a ta tura yaron ta je karɓa a ranar. Wato a duk lungun, ita kaɗai ce ta fita don kada abin ya same shi, ita kuma aka yi wa jaje. Baba Hajaratu ban ga laifinta ba, tsohuwa ce, kunne ya yi nauyi, hayaƙi ya cika ido. Abin da ban gane ba shi ne gidanku, gidan mai unguwa guda, a ce daga bakin kaskon ƙosai yake karɓar umarni. Da kin fito ƙofa kin ce, "Ku tashi, uwarta ce ta aiko, likita ne ya hana ta goyo," da wa zai sake buɗe baki? Sai kika kulle keke, wato kin sa hannu cewa akwai abin ɓoyewa.

Ba don gayu na saya ba. An tsaga cikin 'yata aka ciro muku jika. Kina wurin. Kin ga jinin, kin ga ranar da ɗinkin ya yi ruwa, ke kika riƙe mata hannu, ban manta ba. To me ya canja? Ko da jikan ya fito, buhun da ya zo a ciki ya gama aiki?

Ki buɗe ɗakin hatsin nan ki ba ta kekenta. Masara ba ta bukatar rakiya. In tsoron bakin mutane ne, ki aiko su Gwarzo, ina da aji, ina da allo, zan yi musu bayani da zane.

Ki gaida Alhaji. Wassalam.

Malama Halima Sa'adiya.

*

Kabo,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Malama Halima,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Muna gaisuwa da fatan alheri, ya ɗawainiya, ya karatu? Allah ya ƙara basira.

Takardarki ta same ni. Ni ajami na iya, ban yi boko ba, don haka autata Jannat ta karanta mini, ita ce kuma ke rubuta wannan. Da na san abin da ke ciki da na shiga ɗaki. A tsakar gida aka karanta, ga matan ƙannen Alhaji, ga baƙi daga Dugabau. Kowa ya ji zancen kasko, kowa ya ji zancen buhu. Na gode.

Malama, ke kin san ƙwayar cuta, ni na san Kabo. A garin nan akwai dattijon da ake kira Gurgu, da ƙafarsa yake zuwa gona, ya aurar da 'ya'ya. Targaɗe ya yi yana yaro, sunan ya zauna har yau. Jikana tun yanzu an fara ce masa Na-keke. Ke kina Gwarzo, shi a nan zai yi wasa, a nan zai nemi aure. Bayani da zane ba ya goge suna. Ido ne ke gogewa.

Ranar Asabar akwai bikin 'yar ƙanwata a Dugabau, dangi duka za su taru. Badi'a za ta je da ɗanta a bayanta kamar kowace uwa, ƙafafunsa a waje, kowa ya ga yana harbawa. Da na goya shi da kaina, amma sai a ce ɓoye wani abu ake yi. Wuni ɗaya ne. Duk 'ya'yana a bayan nan suka girma, ban mutu ba.

Badi'a 'yata ce, ban taɓa ɗaukarta buhu ba. Ban tilasta mata ba, tambayarta na yi a gaban mutane ta ce to.

Allah ya bar zumunci.

Hajiya Uwaliya.

*

Asibiti,
Ranar Litinin.

Inna,

Ina gaisuwa. Na san Lawal ya faɗa miki inda nake. Na roƙe shi ya ce ki dakata sai kin karanta wannan.

Na ga kiranki ranar Juma'a, na ga na Asabar da safe. Da gangan ban ɗauka ba. Me zan ce miki? Bayan an karanta takardarki a gaban kowa, in na ce a'a, na zaɓi uwata na tozarta uwar mijina. Babu ƙofar da kika bar mini.

Na goya shi. Mota ta ajiye mu a bakin hanya, muka taka zuwa cikin gari. A gidan biki ba wurin zama, kuma duk wadda ta zo sai ta zagaya bayana ta kama ƙafarsa. Yana harbi suna shewa. Baba Hajaratu ma ta je, ta ce ita dama ta san ƙarya ake yi wa yaro. Hajiya har da hawaye. Kowa ya yarda lafiyarsa ƙalau. Ni ba wadda ta tambaya.

Tun azahar nake jin ɗumi a ƙasan majanyin, na ce gumi ne. Da na shiga bayi na kwance zani na ga ba gumi ba ne.

Wurin ya buɗe, ya kuma yi ruwa a ciki. Sun wanke, sun ce ba za a rufe ba sai ya bushe, sannan a sake ɗinki. Likitan bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaya ko ban ji abin da aka ce mini ba. Daga mota zuwa gado a keke aka turo ni, na guragun na gaske.

Hajiya tana nan, ita ke riƙe Zayyad, tun jiya ba ta ci komai ba. Baban Zayyad ya zo, yana tsaye a waje, ya kasa haɗa ido da kowa.

Inna, duk abin da kika rubuta gaskiya ne, ban ga ƙarya ko ɗaya ba. Amma saura kaɗan ta fito da keken nan. Na roƙe ki abu ɗaya.

In za ki zo, ki zo da bakinki a rufe. In an sallame ni Kabo zan koma.

Badi'a.

*

Gwarzo,
Ranar Laraba.

Hajiya,

Assalamu alaikum, ya gajiyar jinya?

Da kika koma gida ɗauko kaya aka sallami Badi'a. Na sa Lawal ya juyo da mu Gwarzo, ita da yaron. Ɗanki yana wurin, na dube shi, bai hana ba, na ɗauki hakan izini.

Kada a turo mini dattawa. Ba yaji ta yi ba, ba ta ma so zuwa ba, ni na ɗauko ta. Za ta koma ranar da likita ya ce ta warke, ba ranar da wani biki ya taso ba. Mai son ganin jika, ƙofa a buɗe take.

Tun da muka iso ba ta yi mini magana ba. In na shiga da abinci sai ta juya fuska bango. Wannan tsakanina da ita ne, zan ɗauka. Tana dai kwance, ciwon yana bushewa.

Wassalam.

Halima Sa'adiya.