Gudunmawar Ƙarfe a Sunan Gidan Moro

Zongon Kumasi,
watan Rajab, 1958.

Zuwa ga Yaya Mamuna, a Tawa.

Gaisuwa mai yawa da begen ganinki. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? A ce mata ina gaishe ta da kyau. Mu nan da sauƙi, amma in na ce miki lafiya lau na yi ƙarya.

Maigidana Malam ya faɗi da babur. Kada hankalinki ya tashi, yana raye, bakinsa ma bai mutu ba. Cinyar dama ce ta karye, fuska kuma ta kurje, yana kwance a ɗaki an ɗaure shi da karare.

Kin tuna babur ɗin da na ba ki labari bara, wanda ya saya a kamfanin Turawa na Adum don zagayen ƙauyuka sayen goro? Da garanti aka sayar masa, wato alkawarin duk abin da ya lalace cikin shekara su za su gyara. Tun kafin damina ta fita ƙarafan nan biyu masu riƙe da tayar gaba, waɗanda fitoci, wato masu gyaran babur, ke ce wa fok, suka fara tsiyayar mai. In ya faɗa rami sai ki ji ƙwas kamar an jefar da murfin tukunya, kan babur kuma yana ja hagu. Ya mayar, aka ce ya dawo. Ya dawo, aka ce kaya na cikin jirgi a Takoradi. Na ce wannan jirgi ko a ƙasa yake tahowa ai ya isa Kumasi.

Babban fitan kamfanin ɗan Zongonmu ne, Moro, mijin Habibatu ƙawata. Shi ya yi ta ba Malam haƙuri, shi kuma daga baya ya aiko a zo a ɗauka, an sa sabon fok. Na gan shi da idona, baƙi wuluk, yana ƙyalli. Malam har goro ya kai masa na godiya.

Ba a yi wata ba ƙarfen ya karye a gangaren Sofoline, kan hanyar Sunyani, da rana tsaka, babu rami babu dutse. Tayar ta yi nata wuri, Malam ya yi nasa. Mutanen bakin hanya suka sa shi a motar katako suka kawo mana shi.

Yanzu ni ke kasuwa ni ke jinya. Tun da safe in kai shinkafa da wake kasuwar Kejetia, in sayar, in komo. Abin da ya fi damunsa ba goron ba ne, masallaci ne. Kin san shi ne ladanin unguwarmu tun kafin a haifi 'yata Sala, yanzu yana kwance yana jin Abubakari na kiran salla kamar an matse wuyan akuya, yana gyara masa daga kan gado.

Kamfani sun ɗauke babur ɗin, mun zuba ido mu ga alkawarin Bature. A sa mu a addu'a.

Ni ce ƙanwarki,
Azaratu.

Zongon Kumasi,
farkon Sha'aban, 1958.

Yaya Mamuna,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Inna da kowa da kowa. Kukar da daddawar sun iso ta hannun direban goro, Allah ya saka. Ki yi haƙuri da rubutun nan, raina a ɓace yake.

Yaya, an ce Malam mashayi ne.

Ashe ranar da ya faɗi, wata Ba'asantiya mai rumfa a bakin hanya ta wanke masa ciwo da akpeteshi, barasar nan tasu mai kama da ruwa, don su haka suke wanke ciwo. Ta kwarara masa a fuska da riga. Da aka shigo da shi Zongo kowa ya ji warin, ni ma na ji, amma wa ke ta wari yana ganin jinin mijinsa? Moro yana cikin waɗanda suka sauko da shi daga mota. Shi ya riƙe warin ya kai wa Baturensa, ya ce sabon ƙarfe ba ya karyewa haka kawai, mai shi ne ya yi tatul. Garanti kuwa ba ya hawa kan mashayi. Daga kamfani magana ta biyo shi har shayin ƙofar masallaci.

Liman ya aiko, wai ko Malam ya warke ya ɗan huta da kiran salla tukuna. Kin san irin wannan hutun. Masu zuwa dubiya sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma sai su yi ta leƙen ƙarƙashin gado. Wani ɗan dako a Kejetia ya tambaye ni, yana dariya, ko da wane ruwa Malam ke alwala. Na sauke masa ludayin miya a ka, ban kuma ba shi haƙuri ba. Sala ta dawo daga famfo tana kuka, yara sun ce mata 'yar mai kwalba.

Na sa mayafi na tafi Adum da ƙafata. Baturen bai ji Hausa ba, ni ban ji Turanci ba, sai aka kira tafinta. Wa kike tsammani ya fito yana goge hannu? Na yi magana mai tsawo, Moro ya mayar da ita kalma biyu. Bature ya ɗaga kafaɗa. A bakin ƙofa Moro ya rage murya ya ce mini, «Maman Sala, ki bar wannan kes, ki je ki kula da mijinki.» Da ina da wuƙa a ranar, da daga gidan yari za ki samu takardar nan.

Malam ya ce in bar wa Allah. Na ce to. Amma ya daina cin abinci, Yaya. In Abubakari ya kira salla yanzu ba ya gyara masa, bango yake juyawa ya fuskanta. Karayar cinya ba ta sa shi hawaye ba, wannan ta sa.

Shekaranjiya na tafi Sofoline da niyyar in ci mutuncin matar da ta jiƙa mini miji da giya. Na tarar da tsohuwa mai kirki, kowa na ce mata Maame. Da ta gane ko ni wace ce sai ta kama hannuna tana kafra, kafra, wato sannu, har ta sa aka kawo mini ayaba gasasshiya. Ina ci sai idona ya faɗa kan abin da ta danne tabarmar rumfarta da shi don iska. Guntun ƙarfen babur ɗin Malam ne, wanda ya yi tsalle ya faɗa kwata, 'yan kamfani ba su gan shi ba.

Na juya bakin karayar. Cikinsa ja wur da tsohuwar tsatsa, ga kuma tudun walda ya zagaye shi, an goge an shafe da baƙin fenti. Ko makaho ya shafa ya san ɗinki ne. Tsohon ƙarfe Moro ya liƙa ya sa wa mijina, sabon kuwa shi ya san inda ya kai shi.

Ban nuna wa Malam ba, don cewa zai yi a kai wa Liman a sasanta a cikin ɗaki. A ɗaki aka ɓata shi? Habibatu ta kusa haihuwa. Ina jira.

Ki gai da Inna, amma kada ki karanta mata wannan.

Taki,
Azaratu.

Zongon Kumasi,
cikin azumi, 1958.

Yayata ta kaina,

Ina yi muku barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Ina fata azumi bai wahalar da Inna ba. Zauna da kyau, yau labari mai daɗi na kawo miki.

Habibatu ta haifi mace, aka yi suna ana sauran kwanaki a ga wata. Moro ya yi abin a zo a gani, raguna biyu, rumfa har bakin titi, 'yan babur abokansa sun jera nasu a ƙofar gida suna ƙyalli.

Kin san yadda muke gudunmawa a nan, ba kamar can gida ba da ake miƙawa a ɗaki. Da la'asar mata ke zama a tsakar gida, kowace ta kawo kwanonta a rufe. Maroƙiya ce ke buɗewa, ta ɗaga abin da ke ciki sama, ta juya gabas da yamma kowa ya gani, ta faɗi sunan mai shi da ƙarfi yadda mazan da ke rumfa za su ji. Kwanon da aka buɗe kuwa ba a rufe shi, ba a kuma mayar wa mai shi, ko me ke ciki. Habibatu ta yi mini gudunmawa a sunan Sala, don haka ba wanda ya yi mamakin ganina.

Na ci ado kamar ni ce mai jego. Na ɗauki babban kwanona mai fure, na shimfiɗa sabon zane, na kwantar da ƙarfen a kai, na rufe. Maame kuwa na aika aka ɗauko ta, ta zo da zanenta na fita, na zaunar da ita kusa da ni.

Hamamatu ce maroƙiyar, mai muryar da ake ji tun daga unguwar Dichemso. Ta yi ta ɗaga sabulu da atamfa har ta iso kan nawa. Ta buɗe tana cikin guɗa, hannu ya riga ido, sai ga ƙarfe a sama. Guɗar ta maƙale mata. Amma sana'a sana'a ce, ta juya shi gabas da yamma, ta ce, «Azaratu matar Malam Zuberu ladan, ta kawo... ta kawo ƙarfen moto!»

Na miƙe. Ban yi zagi ba, Yaya, ko ɗaya. Na ce wannan shi ne sabon fok ɗin da maigidan nan ya sa wa mijina, na dawo masa da abinsa, a miƙa wa maza su duba mana irin sabuntarsa. Sannan Maame ta tashi ta faɗi da Asantanci yadda ta wanke ciwon, ta ce bakin mutumin nan babu abin da ke fita sai salati, kwalbar kuwa tata ce. Rabin matan wurin sun ji ta ba sai da tafinta ba.

Ƙarfe ya fita rumfar maza, yana yawo hannu zuwa hannu. Ina leƙe ta zaure. Sai na ga Brimah mai kanti ya tashi shiru ya nufi babur ɗinsa, wanda shi ma Moro ya gyara da garanti. Ya zaro wuƙar yankan goro ya kankare fenti. Walda! Seini ma ya tashi da tasa wuƙar. Kafin a jima duk mai babur yana durƙushe yana kankara, an bar nama yana sanyi. Moro na tsaye da babbar riga, gumi har haɓa, yana ta cewa a tsaya a ji. Rana dubu ta ɓarawo, Yaya. Daɗin da na ji a wurin ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Kashegari masu babur ɗin suka tafi Adum da nasu tafintan. An kori Moro. Kamfani ya sa wa babur ɗin Malam fok na gaskiya ya aiko da shi, ga shi nan a zaure kaji na hawa, don ƙafar ta warke a gajarce, ba ta iya tayar da shi.

Malam ya yi fushi da ni ƙwarai, wai na ɓata ranar jaririyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Na ce ya ci abinci tukuna ya samu ƙarfin faɗa. Liman da kansa ya zo, ya zauna a bakin gado yana ta murza carbi kafin maganar ta fito, ya ce Malam ya koma kan kiran sallarsa.

Ranar farko ta azumi Malam ya dogara sanda ya tafi masallaci. Da magariba duk Zongo, har masu leƙen ƙarƙashin gado, suna riƙe da koko a hannu ba mai iya kurɓa sai sun ji muryarsa. Na tsaya a tsakar gida ina saurare, kokona ya huce ban sha ba.

A gai da kowa.

Ƙanwarki,
Azaratu.

Zongon Kumasi,
bayan ƙaramar salla, 1958.

Yaya Mamuna,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Takardarki ta iso, na kuma ji faɗan. Kin ce Inna ba haka ta rene mu ba. Gaskiyarki, amma ba a taɓa ce wa 'yar Inna 'yar mai kwalba ba.

Moro ya zo ranar salla ya durƙusa a gaban Malam. Malam ya yafe tun kafin ya rufe baki, har ya ce in kawo masa ruwa. Na kawo, na ajiye a ƙasa. Ni ban yafe ba, kuma duk ranar da na ga mijina yana jan ƙafa zuwa masallaci sai in ƙara jin ban yafe ba. Yanzu Moro ya tafi Sekondi neman aiki, ya bar Habibatu a nan da goyo.

Abu guda ne ban yi lissafinsa ba. Sunan yarinyar Zuleha, amma hayaniyar ranar ta sa ba wanda ya riƙe shi. Kin san bakin Zongo. Ta-Walda suke ce mata, manya da yara, har kakarta na ji ta faɗa. Irin wannan suna kuwa da shi ake kai mace ɗakin miji.

Jiya na iske Habibatu a famfo, yarinyar na bayanta, fara sol, tana tsotsar hannu. Na ce, «Sannu Habibatu, yaya Zuleha?» Ta ɗauki bokitinta rabi ta wuce.

Da za a mayar da ranar, Yaya, sai in sake ɗaukar kwanon. Amma ni kaɗai ce a Zongon nan ke kiran yarinyar da sunanta na gaskiya, kuma ni kaɗai ce uwarta ba ta amsa wa gaisuwa.

Malam yana gaishe ku, Sala ma haka. A gai da Inna, a ce ta sa ni a addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce taki,
Azaratu.