Hancin Baban Clara

Samaru, Zariya,
6 ga Yuli.

Zuwa ga Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ya ƙafar taki? Ya damina a Zonkwa? Mu nan ruwa sai godiya, masarar bayan gida har ta fara goyo.

Kin tambayi labarin maigidana, Baban Clara. Yana nan lafiya, in dai lafiya ce dattijo ya wuni yana cusa hanci a cikin kofi. Tun da ya yi ritaya daga jami'a bara ya shiga wata ƙungiya ta masu ɗanɗanon ruwan inabi. Su bakwai ne, suna haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen kowane wata a gidan ɗayansu. Kada ki zaci sha suke yi. Da sha suke yi, da na san sunan da zan kira su. Ɗan tsiyayawa ake yi a gindin kofi, kamar maganin tari, kowa ya jujjuya, ya sunsuna, ya kurkure baki, sannan ya tofar a bokiti. Manya da furfura, Yaya! Daga nan sai a shiga ƙarya. Wannan ya ce ya ji ƙamshin tsohon katako, wancan ya ce jiƙaƙƙiyar fata. Ni dai ban taɓa ganin wanda aka ba jiƙaƙƙiyar fata ya yi godiya ba.

Shugabansu Dakta Oluwole ne. Ya yi shekara biyu a Faransa tun ba a haifi Clara ba, kuma har yau bai bar kowa ya manta ba. Sai wani Barista Martins, wanda aikinsa gyaɗa kai. Ko Dakta ya ce kofin na ƙamshin takalmi, Barista zai lumshe ido ya ce wane irin takalmi ne.

To, wannan watan juyi ya zo kanmu. Dokarsu ita ce mai masauki ya zaɓi ƙasar da za a ɗanɗana inabinta, ya kawo kwalba huɗu, kuma shi ne zai fara faɗin ƙamshin da ya ji a kowace. Mako guda ke nan teburin cin abincina ya zama ofis. Taswirar Faransa a nan, ta Italiya a can. Shekaranjiya na bar wake a wuta na ce ya duba mini, na leƙa maƙwabta. Na dawo na tarar da ƙauri har bakin titi, shi kuwa yana zaune taku biyar daga tukunyar yana auna tsakanin Sifen da Fotugal, ko a jikinsa.

Ba waken ne ke cin raina ba. Kin san shi. Shekara talatin da huɗu, tun daga ƙofar gida yake kiran sunan miyar da na yi, har ya ce yau daddawar ta Zonkwa ce ko ta kasuwa. Tun da ya shiga cikin mutanen nan ya daina. Ya ci ya tashi, ba yabo ba fallasa. Humrar da kika aiko mini kwana uku ina shafawa, ko ɗaga kai bai yi ba. Hancin da ya saba da Faransa me zai yi da kuka da daddawa? Na zama 'yar ƙauye a gidana, kuma abin yana mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. In haka za a ci gaba, ki share mini ɗakin nan na baya.

Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Alisabatu.

Samaru, Zariya,
20 ga Yuli.

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki da kyau. Na ji daɗi da kika ce kumburin ƙafar ya sauka, Allah ya ƙara sauƙi. Na kuma ji faɗan da kika yi mini cewa in yi haƙuri. Haƙurin nake yi, amma ki ji inda aka kwana.

An dai zaɓi ƙasa. Ranar Laraba ya ja ni Sabon Gari, kantin Madam Adaobi, wadda take sayar musu da kwalaben, kuma ita ma 'yar ƙungiyar ce. A cikinsu ita kaɗai nake iya gaisawa da ita ba tare da na ciji leɓe ba, don ita ta san sana'a take yi. Awa biyu muka yi. Ba gaban kwalba yake dubawa ba, sai ya juya bayanta ya yi ta karatu kamar mai shirin jarrabawa. Wadda rubutunta ya yi kaɗan sai ya mayar. Madam ta ce bari ta buɗe masa wata ya ji ƙamshinta kafin ya yanke shawara, ya ce a'a, ba sai an buɗe ba. Na ce a raina, to, girman kan har ya kai a ji ƙamshi ta cikin murfi.

Faransa ya ƙi, wai Dakta ya san ta ciki da bai. Italiya an yi ta a watan Mayu. Ƙarshe ya tsaya a kan Afirka ta Kudu, wani iri da ake kira Pinotaj, don ba wanda ya taɓa shan sa a cikinsu. A bayan kwalbar an rubuta wai yana da ƙamshin hayaki. Kin ji! A ɗauko abu tun daga ƙarshen duniya don ya yi ƙamshin abin da murhuna ke bayarwa kyauta. Tun ranar yake kai da komowa a falo yana haddace bayan kwalba, bakinsa na motsi.

Jiya kuma Dakta ya aiko mini da takardar dokoki. Ni, a gidana. Ba barkono, ba nama, ba abinci kowane iri, wai yana kashe harshe. Busasshen burodi kawai da ruwa. Yaya, baƙi su shigo gidan 'yar Mama in ajiye musu busasshen burodi? Ko a zaman makoki ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Na kalli Baban Clara ko zai ce wani abu, sai ya ce in bi yadda aka rubuta.

Zan bi. Amma takardar ba ta hana ni gyara ɗakina ba. Ina da sauran turaren wutan nan na Maiduguri da na ɓoye tun bikin Clara. In ba za su ci abincina ba, aƙalla su san gidan mace suka shigo. In ma hakan bai sa ya ɗaga kai ya dube ni ba, Litinin ɗin da ke biye za ki gan ni da jakata.

Ki gai da yara.

Taki,
Alisabatu.

Samaru, Zariya,
9 ga Agusta.

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yafe mini shirun da kika ji, na san kin yi ta duban hanya ranar Litinin. Ga abin da ya faru.

Ranar Asabar ɗin da azahar ya tafi Sabon Gari ɗauko kwalaben. Hadari ya haɗu, na rufe tagogi, na hura kasko biyu. Na turara labule da kujeru da shimfiɗar tebur, har da tsumman goge kofuna, sannan na kwashe kaskon na ɓoye. Hayaƙin ya lafa, ƙamshin ya kama ɗaki yadda ake so. Ya dawo ya shigo, ya jera kwalabensa, ko ɗaga kai bai yi ba. Na shiga kicin na yi ƙwalla.

Ƙarfe huɗu suka iso. Dakta na sa ƙafa ya tsaya cak, ya toshe hanci da hankici, amma ganin maigida a zaune hankali kwance sai ya nemi kujera ya zauna. Ni ina bayan labule. Aka tsiyaya kwalbar farko. Baban Clara ya miƙe, ya jujjuya kofi, ya sunsuna, ya zuba haddarsa tiryan-tiryan, ya ce yana jin ɗan ƙamshin hayaki can ƙasa-ƙasa. Ɗan ƙamshi, Yaya, a ɗakin da ko kare ya shigo sai ya yi atishawa! Barista Martins, idonsa na zubar da ruwa, ya gyaɗa kai ya ce lalle hayaƙin Afirka ta Kudu daban ne, shi ma ya ji shi. Biyu daga cikinsu suka rubuta a littafi.

Madam Adaobi ce ta ajiye kofinta. Ta ce ita dai ba ta jin komai sai turaren Maman Clara, kuma turaren ya fi abin da ke kofin. Sai Dakta ya sami baki. Ya yi ta faɗa, rabi Turanci rabi Faransanci, wai an lalata zaman wata guda, ya juya ya tambayi Baban Clara yadda aka yi ya bari aka cika ɗaki da wannan abu. Baban Clara ya dubi Dakta, ya dubi kusurwoyin ɗakin, ya tambaya da gaskiyarsa, wane abu?

Ni kuwa sai waken nan ya faɗo mini a rai, da humrar, da kwalbar da ya hana a buɗe.

Ba su daɗe ba. Dakta ya fita yana cewa ƙungiyar ba ta masu wasa ba ce. Barista, wanda yanzun nan ya gama jin hayaƙin Afirka ta Kudu, ya bi shi yana cewa shi da ma tun farko ya yi shakka. Mutum ya yi shekara a cikinsu ba ya jin ƙamshin komai, suna tafa masa, suna rubuta maganarsa. Masanan ke nan. Madam kaɗai ta tsaya ta yi mini sai an jima.

Da muka rage mu biyu ya faɗa mini. Tun zazzaɓi da murar da ya yi bara hancinsa ya mutu. Ya je asibitin Shika a ɓoye, likita ya ce ya yi ta sunsunar abubuwa masu ƙarfi safe da yamma, wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Shi ya sa ya shiga ƙungiyar, yana sa rai wata kwalbar za ta tashe shi. Na tambaye shi, ni fa, me ya hana ya gaya mini? Ya ce ya san abin da kiran sunan miyar nan daga ƙofa yake a wurina, ya yi ta jira ya warke kafin in gane. Na ce to ko yabon ƙarya ai da ya yi mini. Ya ce su Dakta yana iya yi musu ƙarya wata goma sha biyu bai ji komai ba, amma ni ya gwada sau ɗaya a kan miyar kuka, bakinsa ya ƙi.

Yaya, ni da nake shirin haɗa jaka. Kunya ta kama ni har yau.

Ba su sake kiransa ba, kuma mun huta. Bokitin tofin na wanke shi da toka, ina jiƙa wanki a ciki. Yanzu ƙungiyar tamu mu biyu ce, zama kullum bayan addu'ar safe, kuma ni ke zaɓen ƙasa. Na zaɓi Zonkwa. Kanumfari, citta, ɓawon lemo, sai daddawarki a ƙarshe. Yana rufe ido ina kai masa hanci. Kwana goma sha uku ba labari. Yau da safe da na kai daddawar sai ya ɗan kau da kai, ya yamutsa fuska, ya ce wani abu na wari. Shekara talatin da huɗu, ba a taɓa cewa kayan miyata na wari na zauna na yi kukan murna ba sai yau.

Ki bar ɗakin bayan, ba na zuwa. Ki aiko mini da daddawa, wadda ta fi kowace ƙarfi.

Ki gai da kowa da kowa, Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Alisabatu.